Yaya Mai Gautan Kaji ta Bakin Tabkin Kalmalo

Da sunan Allah, wanda Yake fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, sa'an nan Ya mayar da mai shukar cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta amsa kiran Ubangijinta a Kalmalo cikin ranin nan. Daga wurinSa muka zo, kuma a wurinSa za a tara mu.

Labarin ya same ni a Illela ina tsakiyar karatu, na rufe na kama hanya. Kafin in isa, masunta sun riga sun jingine komarsu a bakin ruwa sun haƙa kabari. Ban taɓa ganin mata sun cika gida kamar yadda suka cika nata ba, kuma mafi yawansu babu abin da ya haɗa mu da su ta jini. Wata ta zo da jariri a baya, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana cewa, “Wanga ɗan da ganyenta na shayar da shi.” Wata ta ce ita ma haka, wata ta ce har jikanta. Liman ya faɗa a makabarta cewa bai san ta da yawan magana a kan addini ba, amma bai taɓa jin an ce wata mai jego ta aika lambunta an dawo da ƙwarya wofi ba.

Tsohuwar ƙawarta ta Birnin Ƙonni ba ta sami jana'iza ba, domin masu tsaron Faransa sun tsare ta a hanya suna binciken kwandonta. Sai ranar sadaka ta iso, da kwandon a kai, cike da ganyen gautan kaji, mai faɗi, kore shar har yana neman baƙi. Ba ta yi kururuwa ba. Ta sauke, ta ce wa matan gida, “Ku yi mata miya da irinta.” Aka yi miyar, aka fito da tuwo zaure. Wani dattijo ya kai loma, ya ɗaga kai ya dubi ɗan da Yaya ta riƙa, wanda ke zaune yana karɓar gaisuwa, ya ce, “Madalla da kai. Tsohuwa ta makance, amma lambunta bai makance ba. Ka riƙe amana.” Jama'a suka amsa da madalla. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji, ya ce, “Ikon Allah ne.”

Na janye hannuna daga akushi. Na san ganyen nan ba daga lambun Yaya ya fito ba, shi ma ya sani. Na san kuma abin da ya yi da lambun da ta bar wa matan garin nan sadaka. Wannan sunkuyar da kai ita ce ta sa na zauna yin wannan rubutu, domin kada a binne gaskiyarta tare da ita.

Wajibi ne in bayyana wane ne shi, ko da yake harshena yana nauyi. Ɗana ne na fari. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, kuma mijinta ya rasu da wuri. Saboda haka da aka yaye yaron sai na miƙa mata shi, kamar yadda ake yi. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana fuska da fuska, kuma in sun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Na tsare wannan kunya har gemunsa ya fara furfura. Abin da nake so in faɗa masa, ta bakin Yaya nake aikawa. Ita kuwa takan yi mini dariya, ta ce, “Auta, ɗanka na gaishe ka. Au, na mance, ba ka da ɗa. To, ɗana na gaishe ka.” Har ta bar duniya ba ta daina kirana Auta ba, ko a gaban ɗalibaina.

Gautan kaji, ga wanda bai san shi ba, ɗan tsiro ne da ke fitowa da kansa a kan juji, yana yin 'ya'ya ƙanana kore, in sun nuna su yi baƙi. Ba wanda ke shuka shi. Matalauta kan tsinko ganyensa in kuka ta ƙare, su dafa su zubar da ruwan fari saboda ɗaci. Yaya ce kaɗai na sani ta mayar da shi abin lambu. Ta gaji ɗan fili daga mahaifinmu a bakin tabki, inda ruwa ke janyewa da rani ya bar laka. Shekara bayan shekara tana zaɓen 'ya'yan tsiron da ganyensa ya fi faɗi da rashin ɗaci, har ta sami irin da ake ce wa irin Inna, domin da Inna mutanen gari ke kiranta. Da farko an yi mata ba'a. Wani maƙwabcinta mai albasa ya taɓa ce mata, “Inna, mi kika shuka bana, abincin kaji?” Ta ce, “I, kuma ga zakaran ya hwara zagaye tun ban tsinka ba.”

Awonta kamun hannunta ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Tsakanin tsiro da tsiro kamu ɗaya, tsakanin layi da layi kamu da taƙi. Hannunta gajere ne, saboda haka kamunta bai kai na masu ƙyalle a kasuwa ba, kuma ba ta yarda da na kowa ba. Na taɓa tambayarta dalilin wannan tsanani a kan ciyawa. Ta ja ni cikin lambu, ta tuge wasu tsirai da suka fito a cunkushe a gefen shinge, ta nuna mini saiwoyinsu sun sarƙe da juna, siri-siri. Ta ce, “Dubi nan. Abinci na ƙasa, amma kowa ya riƙe wuyan ɗan'uwa nai, ba mai ci ya ƙoshi. Sai ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi hure tun bai girma ba, ya yi ɗaci.” Na ce to a nisanta su sosai mana. Ta ce, “Sai rana ta shanye maka ruwa, ciyawa ta cinye maka taki. Auta, koma ga karatunka.”

Sha'anin taki kuwa tana da mazhaba a kansa, kuma ba ta karɓar saɓani. Kashin awakinta take tarawa a rami a bayan ɗaki, ta haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida, ta rufe, sai damina ta wuce a kansa ya yi baƙi ya daina wari kafin ta kai lambu. Kashin kaji, in ji ta, wuta ne. In ɗanye ne ya ƙone saiwa, sai a ba shi kaɗan-kaɗan bayan ya kwana biyu. Na shanu mai sanyi ne, ba ya gaggawa, amma yana daɗewa a ƙasa. Na jaki ba ta son shi ko kyauta, domin ciyawa yake kawowa. Tana karanta ganye kamar yadda uwa ke karanta fuskar jariri. In tsofaffin ganyaye suka fara rawaya daga ƙasa, ta ce yunwa ce, a ƙara na awaki. In gefen ganye ya bushe kamar an kara masa wuta, ta ce toka yake nema. In bayansa ya yi ja-ja, ta ce ƙasar ta gaji, a huta da wannan layi. Kuma ba ta yarda a cika taki ba. Ta ce ganyen sai ya yi ruwa-ruwa, ƙwari su taru a kansa, miyar ta yi lami.

Ba ta taɓa sayar da ko damtse ɗaya ba. Duk matar da ta haihu a Kalmalo, ko marar lafiyar da bakinsa ya ƙi abinci, ana aikawa da ƙwarya, musamman da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma babu wani kore a gari. Mata sun yi imani yana mayar da jini yana kawo nono. Ni ban san magani ba, abin da na gani da idona shi ne suna ci suna tashi. Sharaɗinta ɗaya ne: a hana yara cin ɗanyun 'ya'yan. A kan wannan takan bi mace har gida da faɗa.

Rigima ɗaya na san ta yi wadda ta daɗe, kuma da ƙawar nan tata ta Ƙonni ce. Tun kafin zuwan Nasara ƙawar ta roƙi iri, aka ba ta. Ta je ta watsa shi kamar mai watsa wa kaji tsaba, a ƙasar da ba ta ga taki ba. Ya fito cunkus, ya yi ɗaci kamar maɗaci. Sai ta aiko da saƙo cewa ashe ƙawance na baki ne, an ɓoye irin kirki an ba ta na juji. Yaya ta ji zafin maganar nan ƙwarai. Damina guda ba su gaisa ba. Da rani ya kama, sai ta ɗora kwandon taki a kai, ta taka har Ƙonni, ta shiga lambun ba sallama, ta durƙusa tana tugewa tana aunawa da hannu. Ƙawar ta fito tana cewa, “Ke, wa ya aike ki? Za ki ƙarar mani da shuka!” Yaya ba ta ɗago ba, ta ce, “Ɓarauniyar iri ta zaka. Kawo ruwa, ki bar surutu.” Da ganyen ya sake tohowa suka dafa suka ci tare, ƙawar ta yi ta kuka tana dariya. Ganyen da ya zo ranar sadaka jikan wannan lambun ne.

Sa'an nan zamani ya juya. Nasara suka ci Sakkwato, aka zo da sarƙar awo aka raba mu da Ƙonni, aka kafa alama a dajin da muke kiwo tun kakanni. Yaya ta tsaya ta kalli masu awon, ta dawo ta ce mini, “Waɗanga sun iya tazara, amma ban ga kwandon takinsu ba.” Aka yi bariki, hanya ta cika da soja da 'yan dako da fatake, kuma dukansu taba suke nema, ta sha da ta ci. Taba kuwa mai cin taki ce, tana son irin ƙasar bakin tabki. Ɗan da Yaya ta riƙa ya shiga cikin masu kai wa bariki kaya, ya sami shiga wurin maigari, ya sayi doki.

A cikin waɗannan shekaru idanunta suka fara dushewa. Da ta ga ba ta iya bambanta tsiro da ciyawa, sai ta kira ni da liman da shi yaron. Ta yanko reshen geza, ta auna shi da hannunta, ta datse daidai kamunta, ta miƙa masa. Ta ce, “Ga hannuna na ba ka. Lambun ga ba nawa ba ne, ba naka ba ne, na masu jego ne, ina raye ko na mutu. Taki na rami. Ka ji?” Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Na ji, Inna. In na saɓa, Allah Ya tambaye ni.” Liman ya yi fatiha. Ni ne magajinta a shari'a, kuma a nan take na shaida cewa na yafe haƙƙina a wannan fili, ya zama sadaka mai gudana. Na koma Illela zuciyata fari, ina cewa a raina Yaya ta yi tarbiyya.

Abin da ya aikata kuwa shi ne wannan. Ya kwashe takin ramin kaf, da tokar, ya zuba wa taba. Ya nome lambun duka ya dasa ta, sai ɗan lungu a jikin shinge, inda ruwa ba ya kai wa sosai; nan ya watsa irin Inna a cunkushe, ba awo, ba taki, domin dai a sami abin kai wa makauniya. Matan da suka zo da ƙwarya aka ce musu bana ganye bai yi ba. Suka yi shiru saboda kunyar tsohuwa, kada su ɗaga mata hankali. Kullum da hantsi yakan shiga ya durƙusa ya ce, “Inna, lambu ya yi kyau, ganye kamar tafin hannu.” Ta ce, “Allah Shi yi maka albarka.”

Na zo gaishe ta wata rana bayan azahar, na tarar an kawo mata tuwo. Ta sa aka rufe ƙofa, ta turo mini kwanon miya, ta ce in ɗanɗana. Ɗaci ya kama mini harshe. Na ce ko matar gidan ce ba ta zubar da ruwan fari ba. Ta ce, “Irina ba a zubar mashi da ruwa.” Ta laluba cikin ƙwarya ta ɗauko ɗanyen ganye da ta sa aka rage mata, ta murza shi tsakanin yatsu. “Ji shi, ƙarami, da kauri, gefe ya bushe. Wanga bai ga toka ba, bai ga kashin akuya ba. Ga hure tun yanzu. A matse ya tashi. Kuma da iska ta taso daga tabki, warin taba nika ji. Auta, idona ne ya mutu, ba harshena ba.”

Na miƙe, na ce zan tafi wurin liman da maigari. Ta kama bakin rigata. “Zauna. Ina raye ba ka hwaɗa mashi na sani ba. In ya gane na sani, kunya za ta hana shi shigowa, ni kuwa muryar ɗana nika so da hantsi. In na mutu, ku ƙarata kai da shi.” Na ce, “Yaya, ya ci amanarki.” Ta ce, “Ya ci. Miƙo mani tuwon.” Ta ci har ta suɗe kwanon, ina kallo, hawaye na bin gemuna. Haka ta riƙa yi har ciwon ajali ya kwantar da ita. Na karanta babin amana, na karantar da shi shekaru masu yawa, amma ban san nauyinsa ba sai ran da na ga makauniya tana haɗiye ɗaci tana sa wa mai ba ta albarka.

Bayan an watse daga sadaka na tafi lambun. Rabona da shi tun ranar da ta miƙa reshen geza aka yi fatiha. Taba ta tsaya har ƙugu, ganyenta shimfiɗa-shimfiɗa, a jere, da tazara mai kyau. Ashe ya koyi awon, ya san amfaninsa. A lungu na ga irin Inna, rawaya, ya tsufa tun yana ƙarami. Reshen gezar nan kuwa an soke shi a shinge an toshe kafar da awaki ke shiga.

Yaron yana can yana duba ma'aikatansa. Ya gan ni ya kau da kai zai ratse, kamar yadda muka saba. Sai na kira sunansa. Ban taɓa furta shi ba tun ranar da aka raɗa masa. Ya tsaya cik, ya juyo, ya durƙusa.

Na ce, “Wannan fili na masu jego ne. A gabana ka karɓa.”

Ya ce, “Malam, zamani ya sake. Ganyen juji ne, ko'ina shina hita. Kuma maigari ya riga ya tabbatar mani da wurin, tunda ni ka noma shi. Alhamdu lillahi, Inna ta tahi da farin ciki, ba ta san komi ba.”

Na ce, “Ta sani.”

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido. Na faɗa masa abin da ta faɗa, kalma bayan kalma: ba toka, ba kashin akuya, a matse ya tashi, da warin taba. Na faɗa masa dalilin da ya sa ta hana ni magana. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Ta ci kuwa?”

Na ce, “Kullum sai ta suɗe kwanon.”

Ya zauna a ƙasa cikin laka da rigarsa ta zaman makoki, ya rufe fuska. Na tsaya ina jiran kalma ɗaya. Da ya ce zai mayar, da na ɗaga shi da hannuna. Bai ce ba. Da ya buɗe baki, sai ya ce tabar an riga an yi alkawarinta da mutanen bariki, sai dai a ga baɗi. Na san irin wannan baɗin. Na je wurin maigari tare da liman, ya saurare mu da ladabi, ya ce zai duba. A zamanin nan maganar mai kai kaya bariki ta fi shaidar malami nauyi. Kai ɗan cikina gaban alƙali kuwa, na auna, na ga Yaya ba za ta yafe mini ba.

Abin da na iya shi ne na zare reshen gezar daga shinge. Na kai wa tsohuwar ƙawarta tana ɗaure kwandonta za ta koma. Ta karɓa, ta ɗora shi a kan nata hannun, ta ga nata ya fi shi tsawo da ɗan yatsa, ta ce, “Gajeruwa. Ashe shi ya sa nawa bai taɓa kai nata ba.” Sa'an nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun zuwanta. Ta ce in faɗa wa matan Kalmalo duk mai jego ta aiko. Yanzu haka ake yi: mace ta haihu a garin da aka binne Yaya, a ɗauki ƙwarya a tsallaka iyaka, a tsaya gaban masu tsaron Faransa, domin a roƙo ganyen da ta bari sadaka a bayan gidansu. Tabar tana nan tsaye yau da nake wannan rubutu.

Shi yaron ban sake kiran sunansa ba. Ban iya yi masa baki ba, domin ta riga ni sa masa albarka, kuma ba zan warware abin da ta ƙulla ba; amma har yanzu in na ɗaga hannu zan roƙa masa alheri sai ɗacin miyar nan ya dawo mini a harshe. Allah Ya san abin da ke tsakaninmu.

Wanda ya karanta wannan, ko ya taɓa cin ganyenta, ko uwarsa ta ci ta shayar da shi, ina roƙonsa ya yi mata addu'a. Ya Ubangiji, Ka gafarta wa baiwarKa, Ka karɓi sadakarta yadda ta yi niyya, ba yadda aka mayar da ita ba. Ka shayar da ita, Ka sanyaya makwancinta, Ka yalwata mata kabarinta, ita da ba ta taɓa barin ko tsiro ɗaya a ƙunci ba. Amin.